Cikin Doki Ba Rumbu Ba Ne

A gidajen da ake ɗaure dawaki a cikin birnin Kano, yabon da ya fi daɗi a kunnen mai doki shi ne a ce dokinsa ya ƙoshi. Kuturi ya cika har ya rabu biyu, wuya ya yi kauri, gashi na sheƙi kamar an shafa mai. Ranar hawa babu mai tambayar ka damin harawa nawa ya ci. Idon 'yan kallo yana kan ƙiba. Neman wannan yabon ne ke sa a riƙa ɗura wa dabbar nan dawa da dusa tiya-tiya, kuma shi ne ke sa a fitar da gawar doki daga barga ana saura kwanaki kaɗan Sallah. Cikin dawakin da muka san mutuwarsu a unguwarmu, da wuya mu nuna wanda yunwa ta kashe.

Gidanmu ba gidan sarauta ba ne, muna dai cikin masu raka hakimi in an fita hawa. Dawaki uku gare mu: akawali, kili, da wani bidi da ya manyanta. Kawunmu ke riƙe da bargar tun muna 'yan firamare, mu kuwa yanzu namu shi ne kuɗin abinci da na magani. Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta, kuma ta saba mana da hali ɗaya: ba ma taɓa na'ura sai mun tambayi yadda aka gina ta. Wannan tambayar muka kai wa cikin doki.

Duk girman jikin nan, tumbin doki bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba. Ba ya tuƙa kamar saniya, ba ya kuma iya amai, domin bakin tumbinsa na shiga ne kawai. Abin da ya haɗiye dole ya bi hanjin da ya kai kusan mita 30 kafin ya fita. Tumbin na tsatsafo da ruwan asid dare da rana, ko da abinci ko babu, kuma abin da ke kashe kaifin asid ɗin shi ne yawu, wanda ba ya zuwa sai in ana tauna. Dokin da aka sake a makiyaya yakan yi awa goma sha huɗu zuwa sha shida a rana kansa na ƙasa yana tsinkar ciyawa. Namu na turke sai a ba shi kwanon dawa ya share cikin minti ashirin, sannan ya wuni yana kallon bango. In ka ga doki yana cizon turke ko yana gurgurar katakon rumfa, kafin ka ce mugun hali ne, lissafa awa nawa bakinsa ya yi babu abin tauna. Ta haka gyambon ciki ke kama su.

Babban aikin kuma a can baya ake yin sa, a babban hanji, inda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke narkar da ciyawa su mayar da ita ƙarfi. Da ciyawa suka saba. In hatsi ya yi yawa a ci ɗaya, ƙaramin hanji ba ya iya gamawa da sitacinsa, ragowar sai ta gangara wurinsu. Wurin ya yi tsami, masu amfanin su mutu, iska ta taru, guba ta ratsa cikin jini. Daga nan hanya biyu ce: ciwon ciki, ko ciwon kofato.

Na kofaton mun gan shi a bargar wani maƙwabcinmu. Dokinsa ya tsinke da dare ya faɗa ɗakin ajiya, ya yi wa buhun masara ɓarna. Yaron bargar ya mayar da shi turke da asuba ya yi shiru, don ya ga dokin garau, har da haniniya. Sai a rana ta biyu ya ƙi takawa. Ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa a na baya, kofatan da zafi kamar an ɗauko su daga rana. Abin da ke faruwa a ciki shi ne naman da ke manne ƙashin ƙafa da bangon kofato ya kumbura ya fara saki, kuma in ya saki ƙashin na iya juyawa ya doshi tafin kofaton. Likitan dabbobin da ya zo ya ce da tun asubar farko aka tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara aka kira shi, da akwai abin da za a ceto. Dokin ya rayu, amma bai ƙara ɗaukar sirdi ba. Tun daga ranar ɗakin hatsinmu yake da kwaɗo, kuma mun gaya wa yaranmu na barga cewa in doki ya saci hatsi babu mai yi musu faɗa, su dai faɗa a take.

Da muka kawo wa Kawu maganar awo, dariya ya yi. "Yaran nan, ni da na shekara arba'in ina kwana da dawaki, yau waya ce za ta koya mini ciyarwa?" Muka ce, "Kawu, ba koya maka za mu yi ba, so muke mu san abin da hannunka ya sani, mu rubuta." Da haka ya bari muka shiga da tef ɗin tela. Ana auna zagayen ƙirji daidai inda majayi ke zama, a auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duk da santimita. A ninka zagayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Akawalinmu ya ba da 165 da 150, wato kilo 344 ko kusa da haka. Doki na buƙatar busasshiyar ciyawa ko harawa da ta kai kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na nauyinsa a kullum, ke nan kilo biyar zuwa bakwai ga akawali. Hatsi kuwa bai kamata ya wuce kamar kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya ga doki irinsa ba. Tiyar da ake awo da ita a gidan muka cika da dawa muka ɗora a sikeli: kilo biyu da rabi. Mun san bargogin da ake zuba tiya guda safe, guda yamma, a kuma ƙara in Sallah ta matso.

Da muka auna abin da Kawu ke bayarwa da ido, sai muka tarar ya faɗa cikin lissafin nan kusan daidai. Harawa ke gaba a wurinsa, ruwa kafin hatsi, hatsin kuma kashi uku yake raba shi. Dawar ma jiƙa ta yake yi ta kwana, don ya ce in ka ga kaji da tattabaru na rububin kashin doki, to su kake ciyarwa. Gaskiya ce: ƙwayar dawa ƙarama ce mai tauri, in ba a jiƙa ko an ɓarza ta ba, da yawanta haka take fita. Sai dai da zafin bazara jiƙon na saurin tsami, don haka wanda ya wuce kwana ɗaya zubarwa ake yi.

Inda muka fi jinjina wa na da shi ne haɗa dusa da harawa. Dusar alkama cike take da sinadarin fosforas, ya ninka kalsiyam ɗin cikinta kusan sau goma, alhali jikin doki na son kalsiyam ya fi yawa. In aka daɗe ana ba shi dusa da hatsi babu abin da zai cike giɓin, jiki sai ya koma yana zarar kalsiyam daga ƙashi. Ƙasusuwan fuska su kumbura, haƙora su yi girgiɗi, doki ya riƙa ɗingishin da yau yana wannan ƙafa gobe yana waccan. A Turai cutar masu injin niƙa ake ce mata, don dawakinsu ne aka fi ciyarwa da dusa kyauta. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa suna da kalsiyam sosai. Kakanninmu ba su san sunan ko ɗaya daga sinadaran nan ba, amma ba su raba dusa da harawa ba. Matsalar yau ta aljihu ce: daga tsakiyar rani damin harawa sai ya yi tsadar da mai doki zai fara rage ta yana cike gurbin da dusa, dokin kuma ya yi ta ƙiba ana yaba shi.

Akwai wani ciwon da shekarun nan suka tuna mana da shi. A 2020 annobar korona ta hana hawa, a 2024 da 2025 kuma an yi ta dakatar da hawan Sallah a Kano. Dawakin da aka yi wata guda ana ƙara musu hatsi don Hawan Daushe da Hawan Nasarawa sai suka tsaya a turke, abincin bai ragu ba. In irin wannan dokin aka fito da shi rana ɗaya aka sake shi da sukuwa, naman cinyoyinsa na iya sandarewa, ya jiƙe da gumi, ya kasa ɗaga ƙafa, fitsarinsa ya fito kamar baƙin shayi. A Ingila, zamanin da dawaki ke jan kaya, cutar safiyar Litinin suke kiranta, saboda dokin ya huta Lahadi da cikakken awonsa na hatsi. Wanda wannan ta kama ba a tilasta masa tafiya. A sauka, a tsayar da shi a inuwa, a ba shi ruwa, a kira likita. Dokar bargarmu yanzu ita ce ranar da babu kilisa a rage rabin hatsi.

Shirin ƙaramar Sallah kuma cikin azumi yake faɗawa, kuma a 'yan shekarun nan azumin a cikin zafi yake zuwa. Yaron barga na azumi, ya gaji, sai ciyarwa ta koma sau biyu: bayan sahur da bayan shan ruwa. Dokin da ba a ɗora wa azumi ba sai ya yi shi dole. Ga shi yana buƙatar ruwa lita 25 zuwa 50 a rana, fiye da haka in yana gumi, kuma busasshiyar harawa in babu isasshen ruwa cushewa take yi a hanji. Rabin duro muka yanka muka ajiye wa kowannensu, ba ya rabuwa da ruwa. Kawu na ba su kanwa kamar yadda ya gada, ba mu hana ba, sai dai mun ƙara cokali ɗaya zuwa biyu na gishirin miya a abincin kullum, saboda abin da gumi ke fitarwa ba duka kanwa ke mayarwa ba.

A wurin aikinmu akwai ƙa'idar da kowane mai rubuta manhaja ya sani: kada ka canja abu biyu lokaci ɗaya, don in abu ya lalace ba za ka san wanne ne sila ba. Cikin doki ma ba ya son ba-zata. Sabuwar harawa, sabon buhun dusa, ɗanyar ciyawar farkon damina, duk a hankali ake shigar da su, ana cakuɗawa da tsohon abinci har kwana bakwai zuwa sha huɗu. Muna da ɗan jadawali a waya da yaron barga ke cikewa: me kowanne ya ci, bokiti nawa ya sha, sau nawa ya yi kashi. Na ƙarshen nan shi ya fi ba Kawu dariya, shi kuma ya fi amfani, domin kashin da ya ragu ko ya bushe yakan riga ciwon ciki bayyana.

Wasu abubuwan babu awo a kansu, hani ne kawai. Masarar da ta yi funfuna na ɗauke da gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar doki. Abincin kaji na kanti ana iya sa masa maganin da ake kira monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke kashe doki. Gyauron dawa kuwa makiyaya sun daɗe da sanin sharrinsa. Ba ma zuba abinci a kan rairayi, don yashi na taruwa a hanji, kuma kullum ana tsince leda da igiyar buhu daga barga.

In duk da haka ciki ya murɗa, alamunsa ba sa ɓuya: doki ya ƙi abinci, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, ya kwanta ya tashi, ya nemi birgima. A nan ne kaɗai muka yi jayayya mai tsawo da Kawu, don a zamaninsu ɗaga kan doki ake yi a ɗura masa jiƙo ko man gyaɗa. Dokin da ke fama da ciwo ba ya haɗiya daidai, man da ya kauce ya shiga huhu kuwa ya fi ciwon cikin haɗari. Abin da muka daidaita a kai shi ne a kwashe abinci, a ɗan zaga da shi a hankali in yana iya tafiya, a ƙirga bugun jininsa a ƙarƙashin muƙamuƙi, a kira likita a gaya masa adadin. Na lafiyayye tsakanin 28 ne da 44 a minti; in ya haura 60 ba a jiran gari ya waye. Lambar likitan da alli aka rubuta ta a bangon barga, don yaron da ke kwana a wurin ba kullum wayarsa ke da caji ba.

Bidin nan da ya manyanta shi ne damuwarmu a bana. Ya fara zubar da dunƙulen harawar da ya tauna rabi, haƙarƙarinsa sun fara ƙirguwa daga nesa, kuma duk baƙon da ya leƙo sai ya ce a ƙara masa dawa. Likita ya duba ya ce turamen haƙoransa ne suka yi kaifi suna yankar kumatu, ya goge su da zarto. Yanzu ganyen harawar gyaɗa ake karkaɗe masa a yayyafa ruwa ya yi laushi, sau huɗu a rana, da ɗan man gyaɗa a cikin dusarsa. Kawu ya ce ko an yi hawa bana ba zai ɗora masa sirdi ba, kuma kuɗin da muka saba warewa don ƙarin hatsin Sallah ya ce a ajiye shi zuwa kaka, a sayi harawar shekara tun tana da araha a jibge a kan rumfa.