Maigidan Inna Ya Ƙi Tsugunawa

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Da la'asar motar Madawa ta sauke ƙanena da yaron. Ƙanwarmu ta haihu a Maradi, ga wankan jego ga ɗanyen goyo, shi ya sa aka ce a kawo wa Inna babban ɗanta nan Babankatami ta riƙe shi har uwar ta yi arba'in. Ya kusa shekara 3. Kayansa jaka ɗaya ce, rabinta famfas.

Inna ta tarbe shi da wasan kaka da jika: "Maraba da maigidana! Ina cefanen da ka kawo mini?" Da ta ɗaga rigarsa ta ga abin da ke ƙugunsa sai ta riƙe haɓa. "Ƙato kamar wannan da ƙunzugu? Cikinku wa ya kai yaye a hannuna yana ɓata zane?"

Ba ƙari ta yi ba. Na ga yadda ta yi da ƙannena. Tun jariri yana wata 3 ko 4 za ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora shi a kan ƙwaurinta yana kallonta, tana yi masa "sss" har ya saki. Mai goyo kuwa bayanta na gaya mata. Da ɗa ya fara mutsu-mutsu ta san lokaci ya yi, ta kwance shi. Ba mu kaɗai ke haka ba, don a 1977 wata mujallar likitocin yara ta Amurka ta buga nazari kan ƴan ƙabilar Digo na gaɓar tekun Kenya, masu horar da jarirai kusan yadda Inna ke yi, kafin wata 6 ɗa ya daina ɓata uwarsa. Sai dai wannan horo na uwar da ɗanta ke manne da jikinta yini zubur ne. Ƙanwata aiki take fita tun safe.

Da dare ta kira ni. Ta ce fitsari yana faɗa da rana, amma kashi sai an ɗaura masa famfas, ya laɓe bayan ƙyaure ya yi a tsaye. Tun da aka haifi ƙanin nasa, har fitsarin ya koma baya.

Lahadi, 10 ga wata

Inna ta ɓoye famfas a ƙarƙashin gado, ta kama hannunsa bayan ya sha kunu ta nufi salanga da shi. Ihun da ya yi har maƙwabta sun leƙo.

Da suka fito na shiga na tsuguna daidai tsawonsa, na dubi wurin da idonsa. Salangarmu rami ce da aka rufe da itace da laka. Ruwan bana, wanda ya sa ba a buɗe makarantu ba sai 28 ga Oktoba, ya zaizaye bakin ramin har ya yi faɗin da ƙafar babba ma sai da lura. Ƙasa duhu, wari na tasowa, kyankyasai na yawo a gefe. Ƙafafunsa ba za su iya raba wannan rami ba ko ya so. Yaron da ya ƙi nan hankali ya nuna.

Litinin, 11 ga wata

Na yini a makaranta. Fitsari ya yi a gindin katanga, ɗayan babu. Tuwo ya ci loma kaɗan ya ture.

Talata, 12 ga wata

Yau na ga abin da idona. Yana cikin wasa da gwangwani sai ya tsaya cak, ya je ya rungume turmi, ya ɗage dugadugai ya tsaya kan yatsu, ya harɗe ƙafa, ya matse ɗuwawu. Fuska ta yi jawur, gumi ya tsatso masa a hanci duk da sanyin nan. Inna ta ce, "Ga shi nan yana nishi, kawo kasko!" Na ce, "Inna, ba turowa yake ba, mayarwa yake." Mai son ya yi, buɗe ƙafa yake ya durƙusa. Bayan ɗan lokaci jikinsa ya saki, ya koma wasansa.

Kafin magariba shawara ta cika gida. Wata ta ce a dafa masa filasko, wata ta ce a fere sabulu a tura masa. Tsohuwar da ke bayan gidanmu ta ce gamo ya yi a salanga, a nemo rubutu. Matar maƙwabcinmu ta ce duk ba wannan ba, sangarta ce irin ta ƴaƴan birni, tsumagiya ce maganinta. Kowacce da kyakkyawar niyya ta zo, amma babu wadda ta tambayi yaron ko wani abu na yi masa ciwo. Ni na tambaye shi da muka kwanta. Ya ce, "Tanti, yana cizo na."

Laraba, 13 ga wata

An ga ɗan ruwan kashi ya ɓata masa wando. Ƙanena ya karyo reshen bedi. "Ka ƙi yi inda aka ce, ka zo ka yi a wando? Yau Kawu zai gyara maka zama." Na shiga tsakaninsu. Mun ɗaga murya, ni da ƙanen da na goya. Ya ce mu da haka aka yi mu. Na ce ajina cike yake da yaran da aka yi da haka, masu jin fitsari su kasa ɗaga hannu har su jiƙa benci.

Yaron nan kwana kaɗan ke nan da raba shi da uwarsa. Ya ga wani ya hau cinyar da take tasa, aka sa shi mota, aka sauke shi garin da bai san kowa ba, aka canza masa abinci, aka nuna masa rami. Duk a cikin wannan, abu ɗaya ne ya rage a hannunsa wanda ba mai iya ƙwace masa, shi ne ya riƙe. Na kasa cin abincin dare.

Alhamis, 14 ga wata

Na nemi izini wurin daraktan makarantarmu, ni da Inna muka kai shi likita. Duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar tun 2006, amma mutanenmu ba su ɗauki rashin kashi abin zuwa likita ba, sai zawo da masassara.

Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya kwantar da shi, ya dafa cikin ta hagu, ya kamo hannun Inna ya ɗora a wurin. "Hajiya, kin ji wannan mai tauri?" Ta ce ta ji. Ya yi mata bayani a hankali. Kashi in ya daɗe a hanji, hanjin tsotse ruwansa yake, ya bushe ya yi girma. Ranar da ya fito sai ya tsaga fatar dubura. Yaro ya ji zafi sau ɗaya, ya ƙudurta ba zai sake ba, ya riƙe, na gaba ya fi na baya tauri. In abin ya daɗe ƙarshen hanjin yakan buɗe ya daina jin cika, sai sabon kashi mai ruwa ya riƙa zagaye busasshen yana ɗiga a wando, yaro bai ma sani ba. Wannan shi ne abin da aka so dukansa a kai jiya.

Ya hana sabulu, ya ce ƙona wurin yake. Ya hana filasko, ya ce murɗa ciki yake, kuma ba wanda ya san awon da ya dace da ƙaramin yaro in a tukunya aka dafa. Ya rubuta maganin ruwa mai tausasa kashi, ya ce ba na kwana 2 ba ne, za a ɗauki makonni ana ba shi har yaron ya manta da zafin. Ya ce in ciki ya kumbura, ko amai ya zo, ko zazzaɓi, a dawo da shi ko da tsakar dare ne. Sannan ya ce wa Inna, "A mayar masa da famfas ɗinsa tukuna. Ya fara yi ko'ina ne, maganar wuri ta biyo baya."

Inna ba ta ce uffan ba har gida. Maganin direba muka ba sautu daga Madawa.

Juma'a, 15 ga wata

Da hantsi ya yi, a tsaye, bayan ƙyauren Inna, yana kuka yana riƙe da zanenta. Dunƙule ne mai tauri da ɗan zaren jini a jiki. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗumama ruwa da kanta ta yi masa tsarki, ta shafa masa man kaɗanya, tana cewa, "Sannu maigida, sannu. Ashe kaya ka ɗauko."

Bayan masallaci Baffa ya shigo gaisuwa, ƙanena na zaune. Da ya ji labari sai ya kawo hadisin Ummu Ƙais, wadda ta kai wa Manzon Allah (SAW) jaririnta, ya zaunar da shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari, ya sa aka kawo ruwa ya yayyafa wa tufarsa. Baffa ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya fitsarin yaro najasa ne, a wanke shi, amma ko mai shayarwa an yi mata rangwame kan zanenta in tana iya ƙoƙarinta. "To wanda ba a ɗora wa salla ba, da wace hujja za ka doke shi kan tsarki?" Ƙanena ya sunkuyar da kai.

Asabar, 16 ga wata

Na sayo po na roba, shuɗi. Ba mu ce masa komai ba, muka ajiye a inuwar bedi kusa da inda Inna ke tsinke zogale. Ya zuba tsakuwa a ciki, ya kifa shi a ka, daga baya ya zauna a kai da wandonsa. Muka ƙyale shi.

Abinci ma mun juya. A Maradi shinkafa ce da taliya da biskit. Nan ga wake sabon ɗauka, ga zogale, ga miyar kuɓewa da ta kuka, ga furar hatsi. Ruwa ne matsala, don da sanyi yara ba sa nemansa. Inna ta ware masa ɗan moɗa nasa shi kaɗai.

Lahadi, 17 ga wata

Majo ya ce hanji yakan motsa bayan an ci abinci, don haka da ya gama karin safe sai a zaunar da shi kamar minti 5, ƙafa a ƙasa, gwiwa sama da ƙugu, in bai yi ba ya tashi ba faɗa. Yau ya zauna da famfas a jikinsa ya yi a zaune. Inna ta rangaɗa guɗa.

Sai kuma muka saɓa da ita. Ta naɗe abin za ta cilla juji bayan katanga, na ce a kankare a salanga. Ta ce, "Na yaro ai ba ƙazanta ba ne." Wannan magana kowace uwa a garin nan ta gaje ta, kuma tana cikin abin da ke cinye mana yara. Su ne suka fi yawan zawo, don haka nasu ya fi ɗaukar ƙwayar cuta, kuma nasu ne ake bari a tsakar gida. Kaza ta tona, ƙuda ya tashi daga kai ya sauka bakin ƙwaryar fura, mai rarrafe ya dafa ƙasar ya kai hannu baki. Daga nan sai zawo, sai rama, sai a kwasa zuwa Madawa inda ƙungiyar MSF ta yi shekaru tana jinyar yara masu tamowa. Na bi ta da buta da sabulu. Ta wanke hannu tana mita, amma ta wanke.

Talata, 19 ga wata

Rediyo ta ce yau ce ranar bayan gida ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2013. A ƙasarmu kusan mutum 2 cikin 3 daji suke fita. A jiharmu ta Tawa ne Bagaruwa ta zama karkara ta farko a Nijar da aka shaida ta bar wannan ɗabi'a.

Ban ga laifin mai fita daji kai tsaye ba. Ƙasar Adar dutse ce, haƙa rami a wasu unguwanni sai da diga da ƙarfin ƙato, ƙattin kuwa da an gama girbi sun kama hanyar Abijan da Najeriya da Libiya. Yanzu da aka sare kara, mata sai sun yi nisa ko su jira duhu. Amma mutanen da suka jera layukan bedi a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska, matan da suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da fako a aikin Keita tun 1984, rami ba zai gagare su ba. Abin da ban taɓa ji ba a duk wayar da kan da ake yi shi ne a ce a gina salangar da ɗan shekara 3 zai iya tsugunawa a kai. Ana gina ta manya, a bar yara da tsakar gida, sannan a ce yara sun ƙi.

Alhamis, 21 ga wata

Jiya ba famfas ya yi a po. Yau ya ji muryar uwarsa a waya da kukan jaririn, ya yini yana jiƙa wando. Ba wanda ya tanka masa, har Kawunsa.

Da dare kuwa kullum sai ya jiƙa shimfiɗa. Jikokin maƙwabta sun ga tabarma a rana sun fara kiransa amalala, Inna ta kore su da muciya. Na tuna yadda ake yi da muna yara, a ɗaura wa mai fitsarin kwance kwaɗo a ƙugu a zagaya gari da shi ana yi masa waƙa. Likitoci ba sa ma kiran abin matsala sai yaro ya kai shekara 5, kuma ko a wannan shekarar kusan yaro 15 cikin 100 suna yi. Mai barci bai san ya yi ba. Leda muka shimfiɗa ƙarƙashin zanensa.

Lahadi, 24 ga wata

Ƙanena ya kawo magini da buhun siminti. An zuba dabe a kan salanga, rami ƙarami, da wurin sa ƙafa da murfi mai mariƙi. An ce kada a taka sai ya yi mako ana yayyafa masa ruwa, kafin nan gidan Baffa za mu riƙa shiga. Yaron ya tsaya yana kallon aikin, magini ya ba shi cokalin gini ya riƙe.

Na kira ƙanwata na gaya mata yadda za ta ci gaba in ya koma: magani kullum har sai likita ya ce a rage, zama bayan karin safe da bayan abincin dare, kada a tsaya masa a ka, kada a yi masa gori da ƙaninsa. Ta ce maigidanta na cewa kuɗin maganin ya yi yawa tunda yaro ya warke. Na ce bai warke ba tukuna, ta ba shi wayar in yi masa bayani da kaina. Ya fita, sai gobe da safe zan same shi.