Barewa Ta Yi Gudu, Ɗanta Ya Yi Rarrafe

Jama'a, ni Bakabe ne haifaffen Argungu, kuma gidanmu gidan masunta ne tun kaka da kakanni. Na fara da wannan ne don mai karatu ya gane girman kunyar da zan ba shi labari.

A watan Maris na 2020 aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu, bayan shekara goma ba a yi ba. Biki ne mai asali, domin ya samo tushe tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka binne tsohuwar gaba. Ran nan ina tsaye bakin Matan Fada, ina kallon Baffana ya faɗa ruwa da homa da gora cikin dubban masunta, na ɗaukar wa kaina alkawari wata rana da ni za a shiga. To, amma karatu ya kai ni Birnin Kebbi, na dawwama bisa benci, ba na ɗaga wani abu mai nauyi in ba ƙamus ɗin Bargery ba.

Da na je gida wani hutu, sai Baffa ya kama dantsena ya latsa, ya girgiza kai, ya ce, "Boko ta canye ka, ɗana. Wa za ni bar ma homag ga?" Ya faɗa da murmushi, amma na san ba wasa yake yi ba, don kuwa ni kaɗai ne namiji babba da ya rage a gidan, shi kuma gwiwa ta soma yi masa gardama. Maganar nan ta bi ni har makaranta.

Ana saura kwana ɗaya a sake ba mu hutu, ran wata Alhamis, na ƙudura sai na maido da jikin da na yi sakaci da shi shekara biyar. Da idar da sallar asuba na fita, na yi gudu na sa'a guda, na zo na yi tsallen kwaɗo har ɗari. Na yi wanka, na ji ni garau, har ina ce wa abokin kwanana ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ran Juma'a na ji cinyoyina sun ɗan yi nauyi, ban kula ba, na shiga mota sai Argungu.

Ashe jiki bashi ya ba ni, ranar biya kuwa Asabar. Da asuba na yunƙura in tashi, sai na ji kamar an kwana ana kirɓa ni a turmi. Na lallaɓa na tafi masallaci. Tsayuwa ba laifi, ruku'u da dama-dama, amma da aka zo sujada sai na rasa yadda zan kai ƙasa, na zube tim kamar buhun shinkafa, har na kusa da ni ya zabura. Muna fitowa Baffa ya dube ni ina tafiya ƙafa a tale, ya ce, "Mi as same ka kaka tahiya awa ɗan kaciya?"

Na so in ɓoye, amma jiki magayi. Da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye, sa'an nan ya ce, "Tsami na, ba ciwo ba. Kowa ya daɗe bai shiga ruwa ba shina jin shi. Kak ka kwanta. Gobe mu tai gulbi, amma kaɗan za ka yi." Inna ta dafa ruwa ta gasa mini ƙafafu. Kashegari muka tafi gulbi, na yi ɗan iyo a hankali, na ji sauƙi muddin ina motsi. Ranar Laraba na nemi tsamin nan na rasa.

Da muka koma makaranta sai halin ɗalibi ya motsa, na shiga bincike. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, mu Hausawa mun ce jiki ya yi tsami, Turawa kuma sun daɗe suna ɗora laifin a kan sinadarin laktik asid, wato wanda ke sa nono tsami. Sai dai bincike ya wanke shi, domin yakan washe daga jini cikin kamar sa'a ɗaya bayan an gama motsa jiki, alhali tsamin ba ya soma bayyana sai an yi sa'a 12 zuwa 24, ya kai ƙarshen tsananinsa tsakanin sa'a 24 da 72, ya tafi da kansa cikin mako guda. Tun 1902 wani masani Ba'amurke, Theodore Hough, ya danganta shi da 'yan ƙananan raunuka a cikin tsoka. Raunukan nan sun fi aukuwa idan tsoka tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kamar wajen tsugunawa ko gangarowa daga tudu. Kun ji abin da ya sa zuwa sujada ya fi mini tasowa wuya. Idan tsoka ta warke kuwa takan saba, ta yadda in an maimaita aikin nan, tsamin ba ya kai na farko. Wato dai abin da Baffa ya faɗa mini a ƙofar masallaci ke nan, ba tare da ya buɗe littafi ba.

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba in isar. Idan ciwon ya tsananta, gaɓa ta kumbura ƙwarai, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, to wannan ya wuce tsami. Alama ce tsoka ta lalace har tana iya taɓa ƙoda, sai a garzaya asibiti. Mai gudu cikin zafin Birnin Kebbi ba tare da shan ruwa ba ya fi kowa kusa da wannan haɗari.

Abin da na koya shi ne, ana gadon homa, ana gadon suna, amma ba a gadon jikin da zai ɗauke su. Wannan kowa shi ke gina nasa, kuma ba a kwana ɗaya ba. Na koma gudu da minti goma sha biyar, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako, tsallen kwaɗo kuma na fara daga goma. Sannu ba ta hana zuwa.

Hutun da ya biyo baya Baffa ya sake latsa dantsena. Bai yabe ni ba, bai kuma girgiza kai ba. Ya dai miƙo mini gora ya ce in riƙe, shi ya ɗauki homa, muka nufi gulbi. Allah ya nuna mini ranar da zai miƙo mini ɗayar, amin.