Jiangsu: kulob ɗin da ya rushe da kofi a hannu

Masu cika gidajen kallon ƙwallo a Rano da Kibiya sun san Inter Milan sarai. Kaɗan ne suka san cewa kamfanin Suning na ƙasar Sin, wanda ya sayi mafi yawan hannun jarin Inter a 2016, ya taɓa mallakar nasa kulob a gida, wanda ya mutu yana zakaran ƙasa.

Sunan kulob ɗin Jiangsu, mazauninsa birnin Nanjing a gabashin Sin. Ya faro a 1958 a matsayin ƙungiyar lardi, ya shiga ƙwallon sana'a a 1994, ya daɗe yana hawa yana sauka kafin ya ci kofin ƙalubale a 2015. A ƙarshen 2015 ɗin Suning, mai sayar da firji da talabijin da sauran kayan lantarki, ya saye shi.

A lokacin gwamnatin Xi Jinping ta ƙudiri aniyar mayar da Sin babbar ƙasar ƙwallo, manyan kamfanoni kuwa suka shiga rige-rigen zuba kuɗi. Wannan guguwar ce ta kai Mikel Obi Tianjin, Odion Ighalo Changchun, Obafemi Martins kuma Shanghai. Jiangsu ya ɗauko Ramires daga Chelsea, ya biya yuro miliyan 50 a kan Alex Teixeira na Shakhtar, ya kawo Fabio Capello horarwa a 2017. Har Gareth Bale ya kusa zuwa a 2019.

Ranar 12 ga Nuwamba 2020 Jiangsu ya doke Guangzhou Evergrande da ci 2 da 1, ya ɗauki kofin gasar ƙasa karo na farko. Ranar 28 ga Fabrairu 2021 aka sanar da dakatar da harkokinsa, ko wata huɗu ba a cika ba.

Matsalar ita ce kuɗin tikiti da na talabijin ba su taɓa isar albashin 'yan wasa ba. Aljihun kamfani ne ke cike giɓin. Da bashi da annobar korona suka matse Suning, sai shugabansa Zhang Jindong ya ce za su rabu da duk abin da ba cinikin kaya ba. Hukumar ƙwallon Sin kuma ta hana kulob ɗaukar sunan kamfani, ribar talla ta tafi, aka rasa mai saye. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Guangzhou ma, mai kofin ƙasa 8 da na nahiyar Asiya 2, ya bi sahu a farkon 2025.

Kanawa sun san irin wannan rashi: Raccah Rovers ta ci gasar Najeriya a 1978, yau sai labari.

Ƙwallo kuwa ba ta mutu a lardin Jiangsu ba. A 2025 birane 13 na lardin suka fara gasa tsakaninsu, galibin 'yan wasan ɗalibai ne da ma'aikata, amma 'yan kallo suka haura 60,000 a wasu wasannin Nanjing. Masu shirya gasar unguwanni a garuruwanmu su lura: neman uban gida mai kuɗi ba laifi ba ne, amma ƙungiyar da jama'ar gari ke gani tasu ce ba ta rufewa don kasuwar mutum ɗaya ta karye.