Wa Ke Yanke wa Waƙa Hukunci? Daga Duluth Zuwa Kano

A watan Satumba na 2018 ƙungiyar mawaƙa ta Low, daga garin Duluth na jihar Minnesota a Amurka, ta fitar da kundin waƙoƙi mai suna Double Negative. Mai sauraro na iya zaton rediyonsa ce ta lalace, don kiɗan yana yankewa yana dawowa, muryoyin kuma suna nutsewa cikin ƙara. Da gangan mai haɗa sautin, BJ Burton, ya dagula shi haka.

Alan Sparhawk da matarsa Mimi Parker ne suka kafa ƙungiyar a 1993. Salonsu, wanda ake kira slowcore, kiɗa ne mai tafiyar hawainiya: jita, ganga ɗaya ko biyu da Mimi ke kaɗawa a tsaye, sai muryoyin miji da mata a haɗe. A farkon fitowarsu, idan 'yan kallo suka cika gidan rawa da surutu, sai su ƙara rage sauti maimakon su ɗaga. Ba a cika samun kuɗi da irin wannan kiɗa ba, amma sun yi kusan shekara 30 suna yi.

Cikin abubuwan da suka riƙe su har da alƙalamin masu sharhi. A Amurka da Ingila sharhin waƙa sana'a ce. Kamfanin faifai kan aika wa marubuta kundi tun kafin ya shiga kasuwa, su saurara, su rubuta, su ba shi maki. Mujallar Pitchfork ta intanet tana aunawa daga 0 zuwa 10, kuma ta ba Double Negative 8.7. Mujallar Uncut ta Birtaniya ta zaɓe shi gwarzon kundin shekarar. Mutumin da bai taɓa jin sunan Low ba yakan karanta yabon, sannan ya nemi waƙar.

A ƙasar Hausa waƙa ce ke yin gaba, rubutu ya biyo baya. Mamman Shata bai jira wata jarida ta auna masa waƙa ba. A fage ake yanke hukunci nan take: 'yan amshi suna karɓa, sanƙira yana kirari, wanda aka wasa ya tashi ya yi kari, jama'a su yi liƙi. Narambaɗa yana da ubangidansa, Sarkin Gobir na Isa, kuma yardar fada ita ce makinsa. Daga baya shirye-shiryen zaɓe na gidajen rediyo suka karɓi aikin, yau kuma waya ce. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game gari a 2020 saboda matan aure da suka riƙa ɗaukar bidiyon rawarta, ba don wani sharhi ba.

Nazari a rubuce yana nan, sai dai mazauninsa jami'a ce. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun feɗe turke da salo da tarihin makaɗa, galibi bayan jama'a sun daɗe da karɓar waƙar. Kuma baiti suka fi bi, wato zambo da habaici da azanci, alhali marubucin Pitchfork yana iya cinye rabin shafi a kan yadda aka naɗi sautin ganga.

Kowane tsari da wanda yake ɗagawa. Fage ya ɗaukaka Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa kaɗai, domin maganarsa tana shiga kunne a take. Sharhi kuwa yana ba wa kundi mai wuyar sha'ani lokacin da za a saurare shi sau biyu ko uku. Kundin Low na ƙarshe, HEY WHAT na 2021, ya shiga takarar kyautar Grammy a rukunin iya naɗar sauti. Mimi Parker ta rasu a watan Nuwamba na 2022 sanadiyyar ciwon daji, ƙungiyar kuma ta tsaya daga nan.