Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ɗan ba ni fili cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin waɗansu garuruwa biyu na ƙasar Tailan, watau ƙasar da a da a ke kira Siyam kafin su sāke mata suna cikin 1939. Dalilin wannan takarda kuwa shi ne, mutanenmu da fatauci ko aiki ko neman magani ya ke kai su Bankok, babban birnin ƙasar, sau da yawa su kan gama abin da ya kai su, ya rage musu kwana uku ko huɗu. Sai a ce musu su nufi arewa su ga Ciyang Mai da Ciyang Rai. Su kuwa sai su raba 'yan kwanakin nan biyu, su ƙare su a kan hanya, su komo da gajiya ba su ga kome ba. Allah ya nufe ni da zuwa ƙasar sau biyu, na kuwa sauka a kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan, don haka na ga ya kamata in faɗi abin da na gani, kowa ya zaɓa da idonsa buɗe.

Da farko kada mai karatu ya zaci Mai ɗin nan man shanu ne, ko Rai ɗin nan ran numfashi. Cikin harshensu Ciyang Mai ma'anarsa Sabon Birni, Ciyang Rai kuwa sunan sarkin da ya kafa shi ya ɗauka, watau Sarki Mangarai. Shi ne ya kafa garuruwan duka biyu, Ciyang Rai cikin 1262, Ciyang Mai cikin 1296, ya mai da na biyun gidan sarautar ƙasarsa da a ke kira Lanna. Ashe ke nan ƙane ne ya gāji gida, wa ya zauna ƙauye. Mutanen Bama suka ci ƙasar da yaƙi cikin 1558, suka riƙe ta fiye da shekara 200, kāna ta koma hannun Siyam. Tsakanin garuruwan nan biyu kamar kilomita 190 ne, ya ɗan fi tsakanin Kano da Zariya. Amma kada wannan ya ruɗi mutum, gama hanyar ta bi ta cikin duwatsu ne, hawa da gangara da kwana-kwana, mota ta kan yi awa uku ko fiye. Wanda ya je ya komo ya ba da yini guda cur ga direba.

Ciyang Mai shi ne babba nesa ba kusa ba. Daga Bankok kamar kilomita 700 ne. Jirgin sama ya kan kai mutum cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, jirgin ƙasa kuwa a kan shiga da maraice a sauka da safe. Abin da ya fara jan hankalina shi ne tsohon birnin, domin duk wanda ya san Kano ko Katsina zai gane shi nan take. An kewaye shi da ganuwa mai kusurwa huɗu ta jan tubali, da gwalalo cike da ruwa a bayanta, da ƙofofi kowace da sunanta. Ganuwar ta zube a wurare da yawa kamar tamu, amma gwalalon na nan, sun dasa masa itatuwa, suna share shi. Na tsaya a ƙofar gabas da su ke kira Ta Pae, na tuna da halin da badalarmu ke ciki, na yi shiru.

Mutanen ƙasar galibinsu mabiya addinin Buddha ne, ɗakunan ibadarsu kuwa a garin nan ba su ƙirguwa da yatsa. Akwai wani babba a tsakiyar birni wanda girgizar ƙasa ta rushe kan hasumiyarsa cikin 1545, har yau yana nan da guntun kai. Akwai kuma wani bisa dutsen Doi Sutep da ke yamma da gari, sai an hau matakala fiye da 300 a ke isa gare shi, daga can mutum ya kan hango birnin duka shimfiɗe kamar tabarma. Masu sana'a kuwa kowace ƙungiya da unguwarta ko ƙauyenta: maƙeran azurfa a kudu da ganuwa, masu saƙar alharini da masu yin laimar takarda a ƙauyukan gabas. Ɗan kasuwa mai ido ba zai rasa abin koyo ba.

Amma abin da ya fi kome daɗi gare ni shi ne na tarad da Musulmi, da masallatai, da abinci na halal. Asalinsu abin sha'awa ne. Kakannin waɗansunsu fatake ne daga lardin Yunan na ƙasar Sin, masu tasowa da ayarin alfadarai su keto duwatsu, su kawo kaya su sayi kaya, kamar yadda a da madugai namu su ke zuwa Gwanja neman goro. Daga zango sai ya zama unguwa. Masallacinsu da a ke kira Ban Ho yana kusa da kasuwar dare, layin da ya ke kuwa cike ya ke da masu sayad da abinci Musulmi, ran Juma'a da safe kuma kasuwa ta kan ci daura da shi. Nan na ci wata taliya da a ke dafawa da madarar kwakwa da yaji da naman kaza, suna ce mata kau soi. Wani abu kuma da zai ba malamanmu mamaki: mu nan mun saba da cewa a fuskanci gabas, su kuwa can yamma su ke fuskanta in za su yi salla, domin Makka ta zama yamma da su. Agogonsu kuma ya riga namu da awa 6.

Ciyang Rai kuwa ƙaramin gari ne mai natsuwa a bakin kogin Kok. Cikin yini guda mutum ya gama zaga cikinsa. Jirgin ƙasa bai kai can ba sa'ad da na je, ko da ya ke an fara aikin shimfiɗa masa hanya cikin 2022. Akwai filin jirgin sama, akwai masallaci cikin gari, amma abincin halal sai an yi tambaya. Abin kallon da ya fi jawo baƙi shi ne wani ɗakin ibada fari fat, an manna masa gutsattsarin madubi, wanda wani mai zane na garin ya fara ginawa cikin 1997. In rana ta haske shi, ido ba ya iya jurewa.

Amfanin Ciyang Rai ba cikin gari ya ke ba, a kewayensa ya ke. Tafiyar awa ɗaya da 'yan kai zuwa arewa sai ga wurin da ƙaramin kogin Ruwak ya faɗa cikin babban kogin Mekong, inda mutum zai tsaya a Tailan yana duban Lawos da Bama gaba ɗaya. Wannan yanki ya yi mugun suna a da, don nan a ke noman tsiron da a ke yin ƙwayar maye ta ofiyam da shi. Cikin 1988 mahaifiyar sarkin ƙasar na lokacin ta kafa wani aiki bisa dutsen Doi Tung, aka koya wa mutanen duwatsu noman kofi da waɗansu sana'o'i maimakon wancan. Wannan abin lura ne ga mahukuntanmu, domin ba a raba talaka da mummunar sana'a sai an damƙa masa wata a hannu. A lardin nan ne kuma kogon Tam Luwang ya ke, inda ruwa ya rutsa da yara 12 'yan ƙwallo da malaminsu ran 23 ga Yuni 2018. Gwanayen nutso daga ƙasashe dabam dabam suka taru, aka fito da na ƙarshensu da rai ran 10 ga Yuli, amma wani mai nutso ɗan ƙasar ya rasa ransa cikin aikin.

To, ga shawarata. Wanda bai taɓa zuwa ba, ko mai iyali, ko dattijo, ko wanda Juma'a za ta riske shi a hanya, ya zaɓi Ciyang Mai, ya zauna cikinsa har kwanakinsa su ƙare. Da ƙafa ma zai ga rabin abin da ya zo gani, sauran kuwa akwai waɗansu jajayen motocin haya da ke yawo ko'ina. Wanda ya riga ya san birane, ya ƙosa da hayaniya, yana son duwatsu da gonakin shayi da iyakar ƙasashe, ya kuwa iya biyan kuɗin motar da za ta yi yawo da shi, ya hau jirgi kai tsaye zuwa Ciyang Rai. Haɗa su biyu sai mai mako guda.

A kula da lokaci kuma. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu sanyi a ke yi mai daɗi. Daga nan zuwa Afrilu manoma su kan ƙone gonaki, hayaƙi ya rufe garuruwan duka biyu ya fi ƙurar hunturu, mai ciwon ƙirji kada ya kusanta. Damina kuwa ta kan yi ƙarfi wajen Agusta da Satumba, har cikin 2024 ambaliya ta yi ɓarna a garuruwan nan biyu. Baƙo ya tuɓe takalmi in zai shiga ɗaki, kada ya dafa kan kowa, kada ya miƙe ƙafa wajen mutum, kada kuma ya yi wasa da sunan sarkinsu, gama dokarsu a kan wannan ɗauri ne mai tsanani. Naman alade kuwa ya yi yawa cikin girkinsu, sai a riƙa tambaya, matambayi ba ya ɓata.

In akwai wani cikin masu karatu da ya taka wuraren nan, ya ga saɓanin abin da na faɗa, ina roƙonsa ya rubuto mu ƙaru. Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Zariya.