Faci ba na taya kaɗai ba ne

Duk ɗalibin da ya taɓa yin aikin rukuni a kwamfuta ya san irin waɗannan sunaye: projet, projet2, projet_final, projet_final_na_gaske. Kowa da kwafinsa a kile, kowa na rantsuwa nasa ne sabo. Ranar da za a haɗa sai a zuba na wani a kan na wani, aikin mutum na kwana uku ya bi iska, kuma babu wanda za ka kama, don ba da gangan aka yi ba. Mu huɗu ne a rukuninmu bara a nan Maraɗi, muna rubuta ƴar manhajar da za ta riƙe lissafin adashe: wa ya zuba, wa ya kwasa, wa ake bi. Abin da ya raba mu da wannan rigima wani ɗan fayil ne da masu rubuta manhaja ke kira faci. Kalmar ita ce dai wadda muka sani a bakin tasha, kuma ma'anar ba ta yi nisa ba. Ba a sake taya saboda ƙusa ɗaya, wurin hudar ake liƙewa.

Faci rubutu ne zalla, ko a wayarka za ka iya buɗe shi ka karanta. A samansa akwai sunan fayil ɗin da aka taɓa, sai wani layi mai alamar @@ da ke faɗin a layi na nawa gyaran ya fara. Layin da aka cire yana farawa da alamar ragi, wanda aka ƙara da alamar tarawa. Sama da ƙasa kuma ana barin layuka uku uku waɗanda ba a taɓa ba, don wanda zai liƙa ya gane wurin, kamar yadda ake kwatancen gida da bishiyar da ke ƙofarsa. Iyakarsa ke nan. Idan kana aiki da Git, ka rubuta git diff, zai fito maka da bambancin da ke tsakanin abin da ka ajiye da abin da ka canja. Ka zuba shi a fayil ka miƙa, abokinka ya rubuta git apply da sunan fayil ɗin, gyaranka ya shiga nasa kwafin ba tare da ya goge masa komai ba.

Dabarar ta girme mu duka. A 1974 manhajar diff ta fito cikin Unix daga Bell Labs a Amurka, aikin Douglas McIlroy da James Hunt. A 1985 Larry Wall, wanda daga baya ya ƙirƙiro yaren Perl, ya saki manhajar patch, wadda ke karɓar abin da diff ta fitar ta liƙa shi da kanta. A lokacin layukan sadarwarsu na tafiyar hawainiya ne, aika manhaja sukutum saboda gyaran layi biyar asara ce. Da na karanta wannan sai da na yi dariya, don matsalarsu ta 1985 ita ce tamu ta yau: rezo ya zo ya tafi, forfe ya ƙare tsakiyar lodi, kuran ya ɗauke. Shi kuwa Git, Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux, kuma har yanzu gyare-gyaren Linux ta imel ake aika su a matsayin faci, duk da dubban mutanen da ke sa hannu a ciki.

Amma ni ba rangwamen forfe ne ya fi kama ni ba. Akwai wata hanya ta biyu, git format-patch, wadda ba bambancin kaɗai take fitarwa ba. Tana haɗawa da sunan wanda ya yi gyaran, da ranar, da bayanin da ya rubuta na dalilin gyaran, kamar wasiƙa. Mai karɓa ya liƙa da git am, sai gyaran ya shiga tarihin aikin da sunan mai shi. Git na bambanta wanda ya rubuta da wanda ya shigar, kowa da gurbinsa.

Mace ɗaya ce a rukuninmu, kuma da hutu ta koma gida Tasawa. Ita ta lura cewa idan ka nemi "Dan" manhajar ba ta kawo maka sunan da aka rubuta da ɗ, kuma sunayen da suka fara da ƙ ko ɓ can ƙarshen jeri suke faɗawa, bayan z. Ga masu adashe wannan ba ƙaramin abu ba ne, mace ta zuba kuɗinta a duba a ce ba ta cikin littafi. Ta gyara, ta turo faci uku ta WhatsApp, kowane bai kai nauyin hoto ɗaya ba. A tsohon tsarinmu da babban fayil za ta turo, mai riƙe da kwafin rukuni ya kwashe ya zuba a nasa, daga nan aikin ya zama "namu", wanda a gaban malami yakan koma na wanda ya fi baki. Mun sha gani. Ranar da muka tsaya kare aikin, malamin ya tambaya wa ya yi ɓangaren haruffa masu lanƙwasa. Kafin wani ya buɗe baki ya ce, "Ku bari, ku nuna mini git log." Sunanta ya fito sau uku, da kwanan wata, da bayaninta. Ya juya wurinta, sauran tambayoyin ita ya yi wa.

Kada dai a ɗauka sunan nan hujja ce da ba ta karyewa. Rubutu ne, mai son zamba zai iya buɗe fayil ya sauya shi. Kuma yawan faci ba shi ne yawan aiki ba, akwai mai turo goma na gyaran waƙafi. Sai dai wanda zai ci haƙƙin wani yanzu dole ya zauna ya goge suna da hannunsa, ba ya iya fakewa da mantuwa.

Faci yana da nasa taurin kai. Idan layukan nan uku na kwatance sun canja a wurin mai karɓa, Git zai ƙi liƙawa, ya ce bai ga wurin ba. Farkon gani abin haushi ne, amma gara ya ƙi da ya liƙa a inda ba nan ba. Mun koyi fara gwadawa da git apply --check, wanda ke dubawa ba tare da taɓa komai ba. Idan git am ya tsaya a tsakiya, --abort na mayar da kai inda kake, --3way kuma na ƙoƙarin haɗa gyaran biyu ya nuna maka inda suka yi karo, ka zaɓa da kanka. Sannan a tura shi a matsayin fayil. In aka kwafe rubutun aka zuba cikin saƙo, ƴan guraben da ke farkon layi sukan lalace, facin ya tashi daga aiki.

Abin da ban zata ba shi ne yadda ya sauya faɗanmu. Da, in ka ce wa mutum aikinsa bai yi ba, kamar ka zagi gidansu ne, don duka aikin ka kushe. Yanzu layi goma sha biyu ne a gabanku, ka ce, "Abokina, wannan layin ne ban gane ba, me ya sa ka cire shi?" Ya tafi ya dawo da na biyu. Mun tsayar da doka, faci ɗaya gyara ɗaya, kuma wanda ba shi da bayani ba a karɓa. Ɗayanmu har yau yana ganin wannan ƙa'ida iyayi ce, bayaninsa kullum kalma ɗaya ce, "gyara".

Na kawo maganar a taronmu na marubuta, ko za mu riƙa gyara wa juna rubutun wannan ɗan littafi ta haka, a ga abin da mai gyara ya cire kafin a kai hotokopi. Matsalar ita ce fayil ɗin Word ba rubutu zalla ba ne a wurin Git, sai dai ya ce maka ya canja, ba zai nuna maka ina ba. Sai in mun koma rubutu a fayil mara ado, kuma ko a nan sakin layi guda layi ɗaya ne a idonsa, sai an sa --word-diff kafin ya ware kalma da kalma. Mutum biyu sun yarda za su gwada a fitowa ta gaba. Sauran sun ce jan biro ya ishe su.