Samanja, Banufen da Ya Yi Suna da Hausar Bariki



Labarin rasuwar Alhaji Usman Baba Pategi ya iske mu ne a watan Nuwamba na 2023, muna zaune a zauren Umda da babban littafi a gabanmu, muna rubuta sunayen iyalan da suka gudo daga Hartum. Wani yaro ne ya karanto a wayarsa cewa Samanja ya rasu a Kaduna yana da shekara 81. Dattijo ya ajiye carbinsa, ya yi istirja'i, ya yi shiru. Jim kaɗan sai muka ga kafaɗunsa suna motsi, ashe wani wasa ya tuno yake dariya. Wata bakwai ke nan da fara yaƙi, kuma ba mu ga haƙoransa ba sai ran nan.

Saboda yaranmu da ba su san shi ba: an haifi marigayin a 1942 a garin Pategi, bakin kogin Kwara, a gidan sarautar Nufawa. Ya yi aiki a gidan rediyo da talabijin na Kaduna, ya kuma shiga soja a shekarun 1960, zamanin da Najeriya ta faɗa yaƙin basasa. A bariki ya samo jarin sana'arsa. Ya ga yadda samanja, wato babban ƙaramin hafsa mai kula da horon sojoji, yake tsawa da zare ido, ya ga kuma yadda wannan mai tsawa yake komawa gida ya yi fama da kuɗin cefane da rigimar maƙwabta kamar kowa. Da wannan ya gina shirinsa na Samanja Mazan Fama, wanda ya mamaye Arewa tun kafin a fara finafinan Kano a 1990. Sunan wasa ya danne na yanka, har da yawa daga cikinmu ba mu san sunansa Usman ba sai da ya rasu.

Mu nan a kaset muka fara sanin muryarsa, daga hannun alhazai da fatake masu ratsowa ta garuruwanmu. Daga baya wani mai shayi ya sayi bidiyo da janareto, muka ga fuskarsa. Ba za mu ɓoye ba, a sace muke zuwa. Malaminmu na allo, Allah ya jiƙansa, yana ganin wasan kwaikwayo lagawu ne, kuma wanda aka kama a rumfar mai shayi bayan isha'i ya san abin da zai tarar da asuba. Mun sha bulala a kan Samanja fiye da sau ɗaya, kuma har yau ba mu ce malam ya yi zalunci ba, domin hadda tana son dare.

Abin da ba mu gane ba a lokacin shi ne dalilin da ya sa maganarsa take shiga ranmu fiye da ta masu karanta labarai. Hausar Samanja ba ta fadar Kano ba ce, ba kuma ta malaman Sakkwato ba. Hausar bariki ce, wadda ta samo asali tun zamanin Turawa, lokacin da Hausa ta zama harshen da sojoji na ƙabilu daban-daban suke fahimtar juna da shi. Yakan fara jimla da Hausa, ya karya ta da Turanci, ya dawo ya ƙarasa, yana kumfar baki. Kalmar samanja kanta Turanci ce aka lanƙwasa. Ga kuma mai maganar Banufe ne, ɗan sarauta. Duk da haka da ya rasu, Hausawa daga ko'ina sun yi ta'aziyyarsa a matsayin nasu, ba mu ji wanda ya tsaya tambayar asalinsa ba.

Wannan ya taɓa mu, domin mun san ciwon wurin. Kakanninmu sun fara sauka a gaɓar wannan kogi fiye da shekara ɗari da suka wuce, wasu a kan hanyar Hajji, wasu cikin jama'ar da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Harshenmu ya zauna da Larabci tsawon wannan lokaci, dole ya ɗebi ƙamshinsa. Muna cewa mustashfa, muna cewa kahraba, muna kiran mota arabiyya. Wani baƙo daga Najeriya ya taɓa yi mana dariya a wannan zaure, ya ce Hausarmu ta lalace. Umda ya tambaye shi yadda suke faɗa a can. Ya ce asibiti, lantarki, mota. Dattijo ya ce, to malam, ku Bature ya ara muku, mu kuwa Balarabe, ina wanda bai ci bashi ba?

Wannan dai raha ce. Wanda ba raha ba shi ne abin da ya biyo bayan rikicin Damazin da Rusairis na watan Yulin 2022, inda aka rasa rayuka masu yawa, dubbai suka bar gidajensu. Tun daga nan muka lura wasu samarinmu sun daina amsa gaisuwar Hausa a kasuwa. A nan ana ce musu baƙi saboda harshensu, a waya kuma 'yan'uwansu na yamma suna ce musu ba su iya shi ba. Yaron da aka matse ta ɓangare biyu haka, shiru yake zaɓa, kuma mun ga gidajen da uwa take tambaya da Hausa 'ya'ya suna amsawa da Larabci.

Daren da labarin ya zo, Umda ya sa aka nemo wani guntun wasan Samanja a waya, aka tara yaran da suka zo daga Hartum a tsakar gida. Yawancinsu ba sa jin Hausa sosai, balle Turanci, amma da ya fara tsawa sai suka tuntsire da dariya. Wata yarinya ta tambaya da Larabci, mene ne samanja? Dattijo ya yi mata bayani, rabi da Hausa rabi da Larabci, ita kuma ta yi ta maimaita kalmar har ta zauna mata a baki. Muka yi wa marigayin addu'a, Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Sa'an nan muka kunna fitila muka koma kan littafi, domin da sauran iyalai a ƙofar zaure suna jiran a rubuta sunayensu.